Yadda ake wasa cizal da hannu

Kafinta da masassaƙi sun san cewa ƙarfe marar kaifi ya fi mai kaifi haɗari. Idan cizal ya dakushe, sai mutum ya danna da ƙarfi. Daga nan ƙarfen ya kan zame daga itace ya faɗa wa hannu, musamman a itace mai tauri kamar ƙirya. Rauni a hannu gab da damina yana iya hana magidanci noma. Saboda haka wasa kayan aiki kiyaye lafiya ne.

Bakin cizal yana da fuska biyu. Ɗaya a shimfiɗe take, ita ce baya. Ɗayar kuma tana da gangare. Inda suka haɗu, nan ne kaifi. In ba a gyara su duka biyu ba, kaifi ba ya samuwa.

Ana bukatar dutsen wasi mai gefe biyu, na kaushi da na laushi, da ruwa, da guntun fata. Wanda ba shi da dutse yana iya shimfiɗa takarda mai yashi a kan gilashi. Lambar da ke bayan takardar tana nuna girman yashin: 220 tana da kaushi, 1000 tana da laushi.

Ga yadda ake yi:

1. A zuba ruwa a kan dutse, a kafa shi yadda ba zai motsa ba.

2. A kwantar da bayan cizal a kan dutse, a goga har wajen baki ya yi haske. Kada a ɗaga ƙota ko kaɗan.

3. A juya, a ɗora gangaren ya zauna daidai a kan dutse. A riƙe da hannu biyu, a riƙa turawa gaba ana dawowa, ba tare da hannu ya yi lilo ba. A bi ko'ina a fuskar dutsen don kada tsakiyarsa ta yi rami.

4. A shafa yatsa a hankali a bayan cizal, daga wajen ƙota zuwa baki. In an ji ɗan ƙaiƙayin ƙarfe daga wannan gefe zuwa wancan, wasi ya kai.

5. A koma gefen laushi a maimaita, sannan a ja bakin da baya a kan fata har ƙaiƙayin ya fita.

A gwada kaifi a kan itace, ba a kan yatsa ba. Masu kai cizal wurin injin wasi su lura: in baki ya yi zafi har ya koma shuɗi, ƙarfen ya yi laushi, ba zai riƙe kaifi ba.

In an yanke, a wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗaure, a je gidan likita a tambayi allurar rigakafin tetanos. Bayan aiki a goge cizal, a shafa masa ɗan mai saboda tsatsa, a ajiye shi inda yara ba za su kai ba.