Ba Kowane Yaro Ne Mai Kunnen Ƙashi Ba

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa ta zama ba ta san hutun rani ba. Shinkafa da alkama da tumatir sun rufa wa gidaje da yawa asiri. Amma wannan albarka tana tafe da hayaƙin turara shinkafa, da na ƙona bambaro, ga ƙurar hunturu, ga kuma wankan kwata da yara ba sa gajiya da shi. Abin da ya biyo baya shi ne mura wadda ba ta yankewa, daga nan sai minshari da ciwon kunne.

A Makarantar Lahadi akan sami yaron da sai an kira shi sau uku kafin ya waiwayo, bakinsa kullum a buɗe, ana koyarwa yana gyangyaɗi. A gida kuwa sai a ce kunnen ƙashi gare shi, har a kai ga bulala. Sau da yawa yaron nan ba taurin kai yake yi ba, ji ne ba ya yi sosai, barci kuma bai ishe shi ba.

Likitoci sun bayyana cewa a can bayan hancin yaro akwai wata tsoka da suke kira adinoyid, a gefen maƙogwaro kuma akwai guda biyu da ake kira tonsil. Yawan mura da hayaƙi sukan kumbura su. Kusa da tsokar nan ta bayan hanci akwai wata siririyar hanya da ke kai iska cikin kunne, wadda ga yara gajeriya ce kuma a kwance take. In ta toshe sai ruwa ya taru a bayan dodon kunne, yaro ya riƙa jin magana kamar wanda ya nutse a ruwa. In ƙwayoyin cuta suka shiga, sai zazzaɓi da kukan dare, wani lokaci dodon kunnen ya ɓule mugunya ta riƙa zuba.

Wannan tsoka ɗin dai ita ce ke tare numfashi da dare. Uwa za ta ji minshari mai ƙarfi, sai shiru na ɗan lokaci, ƙirji yana motsi amma iska ba ta shiga, sa'an nan yaro ya zabura da shaƙuwa. Haka zai yi ta yi har asuba. Sauran alamun su ne gumi cikin barci, da fitsarin kwance bayan ya daina, da rashin ƙiba, da rigima da rana. In aka daɗe a haka, maganar yaro takan yi jinkiri, karatu ya gagara, har zuciya ma takan wahala. Iyayen masu sikila su ƙara sa ido, gama abin ya fi yawa a cikinsu.

A nan ne da yawa muke ɓata hanya. Cire belu wurin wanzami ba ya taɓa tsokar da ke bayan hanci, sai dai ya jawo zubar jini da cuta. Haka kuma ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne, ko sosa shi da gashin kaza da tsinken ashana, ƙara ɓarna ne kawai.

Hanyar da ta dace ita ce a fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Kura, a nemi takardar turawa zuwa ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka kafa a 1999. Kafin a tafi, a ɗauki bidiyon yaron da waya yana barci, domin likita ba zai kwana gidanku ba. Zai leƙa kunne da fitila, ya auna ji, wataƙila ya sa a ɗauki hoton wuya.

Ba kowane yaro ake yi wa aiki ba. Ruwan bayan dodon kunne yakan janye da kansa cikin wata 3, wasu kuma maganin feshin hanci ya ishe su. In abin ya ƙi, akan cire tsokar, ko a sa wani ɗan mitsitsin bututu a dodon kunne, wanda yawanci yakan faɗo da kansa bayan wata 6 zuwa 12. Bayan aikin maƙogwaro a ba shi ruwa da yawa da kunu mai sanyi, in kuwa aka ga jini a baki cikin mako 2 na farko, a koma asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Yaron da kunnensa ya ɓule kada ya shiga kwata, a kuma nisantar da goyo daga bakin murhun shinkafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na rashin ji ga yara ana iya kauce masa. Abin da ke hana iyaye yawanci kuɗin mota ne da na asibiti, da tsoron barin gona lokacin ban ruwa. Wannan fa aikin ikilisiya ne. Mu tuna cikin Markus sura 7, kurman da Ubangijinmu ya warkar ba shi ya kai kansa ba, mutane ne suka kawo shi. Zumuntar Mata tana iya raka uwa Kano, matasa su riƙe wa uba ban ruwan kwana biyu, dattawa su keɓe baiko na musamman bayan girbi. Malaman Makarantar Lahadi kuma, in kun ga yaro irin wannan, ku zaunar da shi a gaba, ku yi wa iyayensa magana a asirce.

Mu yi addu'a, mu kuma kama hanyar asibiti. Ubangiji ya ba 'ya'yanmu lafiya, amin.