Ranar da Baba ya kira ni ɓarawo

Mahaifina tsohon malamin makaranta ne, wanda a zamaninsa ƙamshin turarensa kan riga shi shiga aji. Amma bara sai da ya kwana tara ruwa bai taɓa jikinsa ba. Duk sa'ad da na ce, "Baba, an kai ruwa," sai ya harare ni ya ce ai yanzu ya fito. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ranar da na ja hannunsa da ƙarfi kuwa, ihu ya yi, yana kiran maƙwabta su cece shi daga ɓarawo.

Mu a gida rikicin tsufa muka ɗauka, wasu dangi suka ce sammu ne. Likita ne ya fahimtar da mu cewa cutar mantuwa ce, mai cin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Nau'inta mafi yawa shi ne wanda likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 57 ke fama da cutar mantuwa a 2021.

Daga nan na gane ba taurin kai ba ne. Mai karatu, sa kanka a matsayinsa: wani da ba ka shaida ba yana neman tuɓe maka tufafi, ya kwara maka ruwa a ka. Tsoro da kunya ne ke kare mutuncinsa.

Sai muka sauya dabara. Na daina musu da shi. Mun koma yi da hantsi, domin ruɗewarsa kan ƙaru da almuru. Ruwan ɗumi, kujera a banɗaki saboda santsi, zane a ƙugunsa, soso a hannunsa. Abin da ya buɗe ƙofar kuwa alwala ce: ya manta sunana, amma hannuwansa ba su manta ta ba. Nakan miƙa masa buta in ce, "Baba, bismilla." Idan ya kai ƙafafu, sai mu zarce. Ranar da ya ƙi, mu goge shi da jiƙaƙƙen tawul mu haƙura. Sau biyu ko uku a mako ya wadatar.

Datti dai ruwa na wanke shi gobe, amma wulaƙancin da ɗa ya yi wa uba babu sabulun da ke fitar da shi. Allah Ya sa mu rabu da iyayenmu lafiya.