Madubin Gefe Mai Doro da Ma'aunin Idon Direba

Madubin gefen mota iri biyu ne: akwai shimfiɗaɗɗe, wanda ke nuna abu daidai girmansa, akwai kuma mai doro, wato wanda fuskarsa ta ɗan turo waje kamar bayan cokali. Doron ne ke tattaro fili mai faɗi ya dunƙule shi cikin 'yar fuskar gilashi, har direba ya hango wani yanki na wurin nan da ke gefen mota ta baya, inda abin hawa kan ɓace wa madubi alhali bai iso gaban ido ba.

Sai dai faɗin ba kyauta ba ne, domin duk abin da ya shiga irin wannan madubi ƙanƙancewa yake yi, ido kuwa da girman abu ya saba auna nisansa. Saboda haka ɗan acaɓan da ya kusa cim ma ƙofar baya sai ya bayyana ɗan mitsitsi kamar yana can nesa, kuma saurin da yake tahowa da shi ya yi wuyar kintata, wanda shi ne ya fi haɗari ga mai shirin sauya layi.

Hukumomi sun sha bamban kan wannan ciniki. Ƙa'idar Amurka mai lamba 111 ta wajabta shimfiɗaɗɗen madubi a gefen direba, ta kuma amince da mai doro a gefen fasinja, inda madubin ya yi wa ido nisa har shimfiɗaɗɗe ba ya nuna abin kirki, bisa sharaɗin a rubuta gargaɗi a jikinsa cewa abin da ake gani ya fi kusa da yadda ya bayyana. Turai kuwa, bisa ƙa'ida ta 46 ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yarda da doro a ɓangarorin biyu, kuma sau da yawa akan ƙara lanƙwasa bakin gilashin na waje, a shata shi da siririn layi.

Tun da motocin da ake kira Beljiyam daga nahiyoyin biyu suke shigowa Nijeriya da Nijar, direban da ya sauya mota yana iya sauya ma'aunin idonsa bai sani ba, balle idan madubin ya taɓa fashewa aka kai wa mai yankan gilashi ya manna shimfiɗaɗɗe irin na ɗaki a gurbin mai doro.