Sauya firosesa a tsohuwar kwamfutar tebur: abin da za a duba kafin a kashe kuɗi

Duk wanda ke shiga shagunan buga takardu da gidajen siba a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san su: tsofaffin kwamfutocin tebur na Dell OptiPlex da HP Compaq, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso nan. Da su ake buga takardun ɗalibai da na neman aiki da katin biki. Idan suka fara nauyi, shawarar da ake yawan ba mai shago ita ce ya sauya firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke lissafin komai. Sai a kira ɗan'uwa da ke Faransa ko Beljiyam a ce ya aiko da "i7". Sau da yawa kayan ya iso amma ya ƙi aiki.

Dalili shi ne sunan i3, i5 ko i7 kaɗai ba ya wadatarwa. Kowace firosesa tana da mazaunin da aka ƙera mata a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira kat-mer. Firosesocin Intel zubi na 2 da na 3, na shekarun 2011 da 2012, suna zama a mazaunin LGA1155. Zubi na 4, na 2013, ya koma LGA1150. Lambar farko bayan sunan ce ke nuna zubin: i5-3470 zubi na 3 ce, i5-4570 kuma na 4. Ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya.

Ko mazaunin ya zo daidai, akwai sauran tarko. OptiPlex 790 da 990 suna da LGA1155, amma allonsu ba ya karɓar zubi na 3. OptiPlex 7010 kuwa yana karɓa: ana iya cire i3-3220 mai cibiya 2 a sa i5-3470 ko i7-3770 masu cibiya 4, kuma za a ga bambanci wajen haɗa bidiyo ko aikin Photoshop. Haka zubi na 6 da na 7 ke amfani da LGA1151, na 8 da na 9 ma sunan mazauninsu ke nan, amma ba sa tashi a kan tsohon allon. Don haka kafin a aika saƙo waje, a ɗauki hoton lambar injin da ke jikin akwatin da sunan firosesar da ke ciki, a tura wa mai sayen.

Sai batun zafi. i3-3220 tana cin wat 55, i7-3770 kuma wat 77. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka, firosesa mai ƙarfi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Dole a share fanka, a goge tsohon man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake. Ƙananan alluran da ke cikin mazaunin kuma ba sa son taɓi: ɗaya ta lanƙwashe, allon na iya tashi aiki. Idan ana buƙatar sabunta manhajar BIOS, a yi tun tsohuwar firosesa tana ciki, kuma a jona injin da na'urar ajiye wuta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin tana iya kashe allon.

Akwai abin da sauyin ba zai magance ba. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma, ban da ƴan kaɗan, tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro TPM 2.0. Ke nan i7-3770, duk ƙarfinta, ba ta cikin jerin. Wanda ke adana takardun mutane ko yake shiga asusun banki da irin wannan inji ya kamata ya yi tunanin Linux Mint, wadda kyauta ce kuma tana tafiya lafiya a tsofaffin injuna, ko ya tara kuɗin ya sayi injin zubi na 8.

Ga mai buga takardu da shiga intanet kawai, nauyin galibi daga tsohon diski mai juyawa yake fitowa. A buɗe manajan ayyuka na Windows lokacin da injin ke jan ƙafa: idan diski ne ke kan kashi 100 alhali firosesa tana ƙasa, a fara da sa SSD, a ƙara RAM irin DDR3 ta kai giga 8. Idan firosesar ce ke cika, sannan ne ya dace a kira ɗan'uwan da ke waje, da lambar injin a hannu.