Shugabancin da ya faro daga bakin murhu

Duk wanda ya bi hanyar Maraɗi zuwa Dakoro da rani, zai gamu da amalanke da jakuna ɗauke da itace, zai kuma hangi mata sun yi nisa da gari suna tsintar kara da ƙirare. Maganar itacen girki ba ta cika shiga bakin manya ba, alhali kuwa ita ke cinye daji, ita ke cinye yinin mata. Akwai mutum biyu, ɗaya Ba'amurke, ɗaya ɗan jaharmu, waɗanda girmansu bai hana su duƙawa su dubi murhu ba. Ya kamata ma'aikatanmu da waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci su san labarinsu.

Na farko shi ne Benjamin Faranklin, wanda aka haifa a Boston cikin 1706. Ubansa mai yin sabulu ne da kyandir, ga ƴaƴa da yawa, saboda haka shekara biyu kaɗai yaron ya yi a lakwal. Yana da shekara 12 aka kai shi koyon aikin buga takardu wurin wansa, sauran iliminsa duk da karatun dare ya same shi. Da ya zauna birnin Filadelfiya, cikin 1727 ya tara abokansa masu sana'a, su wajen goma sha biyu, suna haɗuwa kowane daren Juma'a suna shawara kan abin da zai gyara garinsu. Daga wannan zama aka sami ɗakin karatu a 1731, kowa ya zuba kuɗinsa aka sayo littattafai. A 1736 aka kafa ƙungiyar kashe gobara, kowane mutum da gugansa na fata.

Wajen tara kuɗin ɗakin karatun ne ya gane wani hali na ɗan Adam. In ya ce shawarar tasa ce, sai mutane su noƙe, don suna ganin suna yake nema. Sai ya riƙa cewa wasu abokai ne suka aiko shi, nan take hannu ya buɗe. Shugaban ƙungiyar manoma ko na kwamitin rijiya wanda ya taɓa yawon karɓar gudummawa gida gida ya san zancen nan ba sai an fassara masa ba.

Wajen 1742 ya ƙera murhun ƙarfe na ɗumama ɗaki, don itace ya fara tsada a birnin. Gwamnan lardin ya yi masa tayin takardar da za ta hana kowa ƙera irinsa sai da izninsa, ya ƙi karɓa. Murhun kuwa yana da aibi, hayaƙi ba ya fita sosai. Da yake ba a ɗaure hannun kowa ba, wasu maƙera suka gyara shi har ya bazu. Haka ya bar wa jama'a sandar ƙarfen nan mai kare gini daga aradu. Daga baya ya sa hannu a takardar ƴancin Amurka ta 1776, ya yi jakadanci a Faransa har 1785, ya rasu a 1790. Kada a ɗauke shi waliyyi: ya mallaki bayi shekaru da dama kafin ya juya ya shugabanci ƙungiyar neman hana bauta a 1787.

Namu kuwa shi ne Farfesa Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929. Ya yi makarantar horon malamai ta Wilyam Ponti a Senegal, ya wuce Faransa, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta a fannin fizik, wadda babu ɗan Afirka ta mulkin Faransa da ya riga shi cin ta. Mai irin wannan takarda, da ya so zaman Turai da ya zauna. Ya dawo ya koyar a Dakar da Konakiri da Yamai. A 1964 ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya dage cewa a koyar da yara da manya cikin harsunansu. Mai karanta wannan shafi da Hausa yana cin moriyar ra'ayin da ya yi wa faɗa tun lokacin da masu boko da yawa ke ganin abin wasa ne.

Bayan ya kafa ɗakin binciken ƙarfin rana a Bamako, ya komo gida a 1969 ya karɓi ofishin ƙarfin rana na ƙasa, wato ONERSOL, ya kuma riƙe jami'ar Yamai daga 1979 zuwa 1982. Hujjarsa a fili take: ƙasar da ke sayen mai daga waje, dajinta na ƙarewa, ga rana tana dukan ta kyauta tun safe har maraice, bai kamata ta zauna jiran wani ya ƙero mata abin da za ta kama ranar da shi ba. A ofishinsa aka ƙera tukwanen ɗumama ruwa, da na'urar tace ruwa, da murhun rana mai siffar babbar ƙwarya wadda ke tara haske a gindin tukunya. Ya horar da samari, ya sa su riƙe guduma da kansu.

To, amma murhun rana bai shiga gidajen talakawa ba. Uwargida tana ɗora tukunyar tuwo ne da la'asar sakaliya, lokacin da rana ta yi sanyi, kuma babu mai son tsayawa tuƙi a tsakar rana cikin watan bazara. Murhun da ya karɓu a shekarun 1980 shi ne na ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, don maƙeran kasuwa na iya yin sa, mace na iya sayen sa da kuɗin adashinta. A ganinmu nan ne hanyar mutanen biyu ta rabu. Abin da Faranklin ya kafa, masu amfani da shi ne suka zuba kuɗinsu tun ranar farko, shi ya sa ɗakin karatun nan na 1731 yana nan har yau. Aikin Abdu Mumuni ya rataya ne a wuyan baitulmali, da kuɗin iraniyom ya faɗi a shekarun 1980 sai ayyukan gwamnati irinsa suka ji a jikinsu. Laifin ba na mutum ɗaya ba ne, amma ma'aikacin da aka turo Dakoro da wani shiri a jakarsa, ya tambayi kansa wa zai riƙe shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Abdu Mumuni ya rasu a Yamai a 1991, shekara guda bayan haka aka sa wa jami'ar sunansa. Yau a kasuwar Dakoro ana sayar da farantan sola, ana cajin waya da su, ana jawo ruwa da su a rijiyoyin burtsatse na kwarin Tarka, makiyaya na shayar da dabbobinsu. Akasarin farantan daga ƙasar Sin ake kawo su.