Wutar Rana A Cikin Ɗaki: Ko Za Ta Haskaka Yerwa?

'Yan'uwa mazauna Ikko, Badun da Fatakwal, musamman mutanen Barno, ba ku manta da 2021 ba. A watan Janairu na shekarar 'yan ta'adda suka fasa turakun lantarkin da ke tsakanin Damaturu da Maiduguri, birnin ya yi wata da watanni cikin duhu. Masu walda, masu niƙa da masu ƙanƙara duk sana'a ta tsaya. A Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe wa garin tashar lantarki mai megawat 50, mai aiki da iskar gas. To, amma gas saye ake yi, kuma wata rana zai ƙare.

Shi ya sa masana suke neman wata hanya, wato kwaikwayon yadda rana take ba da wuta. A cikin rana zafi da matsi sukan mai da iskar haidurojin wani abu da ake kira fulazma, ƙwayoyinta su manne da juna, sai zafi ya ɓarke.

Makamin wannan aiki shi ne leza, hasken da aka tattara wuri guda, wanda Theodore Maiman ya fara ƙerawa a 1960. A Livermore ta Kalifoniya, ƙasar Amurka, akwai wani makeken gida inda ake harba irin wannan haske guda 192 lokaci ɗaya kan ɗan ƙunshin haidurojin da bai wuce ƙwayar masoro ba. Ran 5 ga Disamba 2022 aka harba megajul 2.05, aka sami 3.15. Wannan ne karon farko da abin da ya fito ya fi abin da hasken ya kai. Aka ci gaba da gyaran gilasan na'urar da ƙara mata ƙarfi, har a Afrilu 2025 aka sami 8.6.

Sai dai kada a yi saurin guɗa. Abin da aka samu a 2022 bai fi ya tafasa ruwa lita 10 ba, alhali na'urar ta sha lantarki wajen megajul 300 kafin ta harba. Tashar gaske kuwa sai ta riƙa harbawa sau da yawa a kowace daƙiƙa. Da sauran aiki ja.

Ina ruwanmu? Da ruwanmu mana. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da cibiyar binciken nukiliya, Zariya kuma tun 2004 take da ƙaramin injin nukiliya na bincike. Da wa za a cika waɗannan wurare in 'ya'yanmu suna yawon talla a Agege da Idi Araba? Ku sa su makaranta, maza da mata, ku matsa musu kan lissafi da kimiyya. Icen da za a sha inuwarsa gobe, yau ake dasa shi. Allah ya sa mu dace.