Ƙofar Kudu: Fuskar Gidan Rumfa

Ko a Kano, ko a Lafiya, ko a Keana, duk wanda ya nufi gidan sarki, ƙofa ce za ta fara yi masa maraba, daga gare ta kuma yake auna darajar mai gidan. A ƙasar Hausa kuwa ƙofofin fada kaɗan ne suka kai Ƙofar Kudu ta Kano suna.

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina wannan fada, shi ya sa har yau ake ce mata Gidan Rumfa. Faɗinta ya kai wajen eka 33. Tana da Ƙofar Fatalwa ta wajen arewa, da Ƙofar Kwaru ta yamma. Amma Ƙofar Kudu, Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta cikin 1855, shi ne ya gina ta, ta kuwa zama babbar mashiga.

Magina na dauri ba su san siminti ba. Da tubali suke tā da bango, gindinsa da kauri, yana tashi yana sirancewa, don ya iya ɗaukar nauyin kansa. Rufi kuwa sai su shimfiɗa azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. In soro ya yi faɗi, sai su ɗaura bakan gizo daga bango zuwa bango. Daga nan a shafe da makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, don maganin ruwan sama, a kafa indararo, a tsayar da zankaye a kusurwoyi.

Irin wannan ƙofa ba don ado kaɗai aka yi ta ba. A bakinta dogarai ke tsaro, daga nan baƙo ke ratsa soro bayan soro, kowane mutum da inda matsayinsa zai tsaishe shi. A filin gabanta kuma hakimai ke yi wa Sarki jafi ranar Hawan Daushe. Cikin 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya na gado.

To, amma ginin ƙasa sai da yaɓe akai-akai, magina masu sanin sirrinsa kuwa sai raguwa suke yi. Cikin 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙofofin ganuwar Kano, don faɗaɗa hanya. An sāke gina wata a gurbinta, amma ta asali ta tafi ke nan.

Saboda haka ya kamata hukuma da masarautu su riƙa ba magina na gargajiya aikin gyaran sorayen da suka saura, a kuma haɗa su da yara masu koyo. In tsofaffin nan suka ƙare ba su bar magada ba, ko da kuɗi ba za a sami mai ɗaura bakan gizo ba.